Tambayar da Baba Yunusa Ya Tafi da Ita

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Baba Yunusa Tanko, makanikin manyan motoci kuma dattijon ikilisiyarmu a nan Gaya. Ina wurin. Tun da an fara ba da labarin iri-iri a tasha da bakin gulbi, zan fara da abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji.

Yana kwance a ɗakin maza na gidan likita, a gadon da ke kusa da taga, an ɗaura masa ruwa a hannun hagu. Hawan jini ne ya kayar da shi a gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa bai mutu ba, sai dai maganar tana fita da nauyi. Waɗanda ke kansa su ne matarsa Aisata, da ƙanwarsa Hajiya Kaltuma, da Pasto Alassan, sai ni. Da hantsi Pasto ya gama addu'a, ya ɗora hannu a goshinsa, ya ce masa kada ya ji tsoro, wurinsa a shirye yake. Baba Yunusa ya ce, "Nawa na sani. Tanko fa?"

Tanko mahaifinsa ne. Ya rasu fiye da shekara arba'in da suka wuce, bai taɓa jin bishara ba.

Pasto ya ce, "Baba, mun sha yin wagga magana."

Ya ce, "Mun sha yi. Yau a gaban Kaltuma nike son ka faɗa."

Pasto ya ce, "Abin da aka ba ni shi nike bayarwa. Ceto ta wurin Yesu Almasihu yake, ta wurin ba da gaskiya gare shi. Ba ni da izinin in ce maka tsoho yana cikin salama. Da ina da shi, da tuni na faɗa maka." Na ga hawaye a fuskar Pasto, kuma ina so a san na gani.

Baba Yunusa ya juyo da ido wajena, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, kai da ka sha boko har Yamai, mi ka ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "To. Ku kai ni wurinai. Kusa da shi za ku sa ni."

Bai ƙara magana ba. Numfashinsa ya yi ta ja har rana ta take. Kafin ladanin unguwar ya kira azahar ya cika. Hajiya Kaltuma ce ta rufe masa ido.

Wannan shi ne abin da ya faru. Sauran maganar da kai nake yi, Baba Yunusa, ko da yake na san masu rai ne za su karanta.

Baƙo nake lokacin da aka turo ni koyar da tarihi a lise, wato makarantar sakandare, ta wannan gari. Ban san kowa ba. Ranar Lahadi ta farko, bayan sujada, ka tare ni a ƙofar majami'a, ka kalli takalmina, ka ce, "Mushe, ina kake kwana?" Kafin magariba kayana suna ɗakin da ke bayan garejinka. Ba ka tambayi asalina ba sai da na ci tuwon Aisata na ƙoshi. Ni mutum ne mai nauyin baki, kai kuwa ba ka iya barin shiru ya zauna, amma ba ka taɓa sa na ji kunyar halina ba. Kakan ce wa mutane, "Ku ƙyale shi, yana tace maganar ne. Gishiri ma sai an tace."

Duk wanda ya san Gaya ya san garejinka. Lokacin da aka rufe gadar kan iyaka, kamiyo, wato manyan motocin kaya, suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi suka rasa gaba suka rasa baya, tukunyar gidanka ba ta sauka daga murhu ba. Zabarmawa, Barebari, Buzaye, mutanen Kwatano, kowa ya zo an miƙa masa kwano. Da azumi kai da kanka kake ɗaukar bokitin kunu zuwa ƙarƙashin motocin, kana cewa, "Ku sha, ni ba ni da lada a littafinku, amma ku sha." Akwai wani direba da zazzaɓi ya kashe a cikin motarsa, ba wanda ya san danginsa. Kai ka nemo liman, ka kawo likkafani, ka tsaya nesa kaɗan da hularka a hannu har aka sallace shi. Da aka tambaye ka dalili, ka ce, "Ɗan wani ne."

Amma ba wanda ya shiga garejinka ya fita bai ji sunan Yesu ba. Kana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunka kawai ake gani, muryarka tana fitowa daga can ciki tana ba da labarin gicciye. Direbobi sun saba. Wani yakan buga ƙofar mota ya ce, "Patoro maigida, birki muka kawo, ba lahira ba!" Kai kuma ka amsa, "Birkin na gyaruwa, ɗan uwa. Ɗayan ne nike jiye maka." A yi dariya. Na daɗe ina ɗauka himma ce kawai irin ta wanda ya tuba da girmansa. Sai da ka kai ni tungarku na gane gudu kake yi, kuma abin da kake gudu yana bayanka kullum.

Da rani ne. Muka hau moto, wato babur, muka bi hanyar Yelu, muka gangara kwarin Foga, inda mutanenku ke dafa gishiri tun kakanni. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ƙasa fari fat kamar an barbaɗa gari. Mata suna kankare ta suna zubawa a kwanduna, a zuba ruwa ya tsiyaye, a kwashe ruwan a ɗora a wuta har ya ƙone ya bar gishiri. Ƙasar da aka gama tacewa ana jibge ta wuri guda, shekara bayan shekara, har ta zama tudu, tudun ya fi bukkoki tsawo. Murhu kuwa jere suke, ba sa mutuwa, hayaƙinsu yana shiga ido yana sa maƙogwaro ɗaci. Na lura ba ka son tsayawa kusa da wutar. Ka ja hannuna muka zagaya bayan tudun, ka nuna mini wani ɗan tozo da aka jera wa duwatsu, ka ce, "Ga Tanko."

A nan ka ba ni labarin. Tanko bai yi salla ba, bai san majami'a ba. Abin da ya tarar iyayensa suna yi shi ya riƙe. Amma yana da wata al'ada da bai taɓa karyawa ba: kantun gishirin farko na kowace shekara ba a sayar da shi, ba a ci a gida. Yakan kai shi bakin hanya ya ɗora a kan gwafa, ya dawo bai waiwaya ba. Duk matafiyin da ya fara wucewa, nasa ne. Ka ce kana yaro ka tambaye shi na wane ne, ya ce, "Na Mai Sama ne. Ban san gidansa ba, shi ya sa nike ba baƙo." Ka ce ba ka taɓa jin ya yi ƙarya ba, kuma bai taɓa cakuɗa gishirinsa da ƙasa ba. Ka kuma ce yana yanka kaza a gindin tsamiya, yana zuba jini, yana kiran sunayen da kai yanzu ba ka iya furtawa. Ba ka ɓoye mini ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Kai kuwa ka bar gida kana saurayi, ka zama yaron mota, hanya ta kai ka Faraku, can ƙetaren iyaka. A can ka ji bishara, ka ba da gaskiya, aka yi maka baftisma. Ka ce a ranar da ka fito daga ruwa mahaifinka ka fara tunawa. Amma motarku tana ratsa Gaya tana komawa, ba ka sauka ba. Kana tsoron fuskarsa. Ka ce wa kanka bari a gama aikin gishiri, hankalinsa ya kwanta, sai ka je ka zauna da shi. Ka shirya maganar da za ka faɗa, ka yi ta maimaita ta a bayan mota. Da ka iso, ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba.

Ka ce mini, "Mushe, maganar tana bakina har yau. Ba ta da inda za ta sauka."

Ni an haife ni a gidan Kirista, a Dogon Dutsi. Kakannina na can baya su ma ba su ji ba, amma ban san fuskokinsu ba, don haka tambayar ba ta taɓa hana ni barci ba. Kai ka san tafin hannun Tanko, ka san yadda gishiri ya tsattsage shi. Da ka nemi in gaya maka abin da masana suka faɗa, na shimfiɗa maka yadda na karanta. Wasu sun ce ba wata ƙofa sai ji da ba da gaskiya, wanda bai ji ba zunubinsa ne ke hukunta shi, kuma da ba haka ba ne da ba a aike mu wa'azi ba. Wasu sun ce ceton dai na Almasihu ne shi kaɗai, amma yana iya kaiwa ga wanda bai san sunansa ba, idan ya bi ɗan hasken da aka ba shi, ya nemi jinƙan wanda bai sani ba. Na gaya maka duka ɓangarorin suna da mutane masu tsoron Allah, kuma kowanne yana riƙe da nassi.

Na ga fuskarka ta saki a kan magana ta biyu. Ka yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a wurinka ba. Bai daɗe ba. Ka ajiye sifanar da ke hannunka, ka ce a hankali, "Tsaya. In wanda bai ji ba yana da hanya, wanda ya ji ya ƙi fa?"

Na ce wannan kam ɓangarorin biyu ba su yi masa sassauci ba.

Ka ce, "To Kaltuma fa? Ni na faɗa mata. Ni na faɗa wa duk direban da ya kwana a nan. Ke nan in tsoho ya tsira don bai ji ba, ni ne na bi mutane ɗaya ɗaya ina ɗora musu kaya. In kuwa faɗar da nike yi ita ce daidai, to tsoho na wuta, kuma ni na yi latti."

Na san akwai amsoshi a rubuce, na kuma kawo maka su daga baya: cewa bishara ba kaya ba ce, cewa ba a ɗora wa ɗan Adam sanin makomar kowa ba. Ka saurara da ladabi, ka yi godiya. Amma tun daga ranar, in ka gama yi wa direba wa'azi ya ja motarsa, sai ka tsaya kana kallon bayanta har ta ɓace, fuskarka kamar ta wanda ya raka gawa. Ba ka daina faɗa ba. Ka ce an umarce ka, ba za ka sake yin shiru ba, shirun farko ya ishe ka. Sai dai kana faɗa da tsoro a ranka.

Hajiya Kaltuma ce kaɗai ke iya taɓa wurin. Ita Musulma ce tun aurenta, tana fataucin gishiri da albasa zuwa Kamba, kuma bakinta bai fi naka sanyi ba. Wata rana da la'asar a tsakar gidanka ka gaya mata abin da ke cin ka. Ta dube ka ta ce, "Yaya, ashe kai ka ɗauka kai ɗai ka kwana da tsoho a rai? Mutumin da yana jin kiran salla daga ƙetaren fadama har ya mutu goshinai bai taɓa ƙasa ba? Ni da na je Makka, mi kake zato na yi ta kuka a kai?" Ta ƙara da cewa, "Kuma batun ɗora kaya, sau nawa na ce maka ka dawo ka kama salla? In kai ka ɗora mini, ni ma na ɗora maka. Kunnen doki muka yi. Miƙo mini buta." Kuka yi dariya ku biyu har Aisata ta leƙo daga madafa. Da dariyar ta ƙare, ba wanda ya kalli ɗan uwansa. Ƴaƴa biyu na uba ɗaya, kowanne yana jiye wa ɗayan wuta, kuma dukansu suna jiye wa uban.

Wasiyyarka ta girgiza ikilisiya. Dattawa suka taru a ranar da ka cika. Suka ce akwai wurinka a maƙabartarmu, kusa da waɗanda kuka gina majami'ar tare. Suka ce mu ƴan kaɗan ne a garin nan, ido yana kanmu, idan aka kai dattijon ikilisiya gindin tudun masu tsafi za a ce ya koma addinin iyayensa a bakin mutuwa, kuma yaran da ka yi wa wa'azi za su rikice. Ba maganar banza suka yi ba, don tun kafin a wanke ka an fara faɗar haka a tasha. Pasto Alassan ya ce ba zai hana iyali ba, amma ba zai iya jagorantar jana'iza a wurin ba. Aisata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tun da na shigo gidan mutumin nan yake kiran sunan tsohon cikin barci. Ku bar shi ya tafi."

Saboda masu cewa ka bar bangaskiya nake rubuta wannan. Ba ka bari ba. Na san dalilinka, don ka taɓa faɗa mini a gindin tudun nan. Ka ce, "Ran da aka busa ƙaho ina son in tashi kusa da shi. In an ce ya bi hannun dama, in gani da idona. In kuwa ɗayan ne, to ya dai ga ɗansa ya zo."

Washegari muka kai ka a bayan wata kamiyo da ka taɓa gyarawa. Direban bai yarda wani ya tuƙa ba. Mutanen tungar, waɗanda yanzu duk Musulmi ne, su suka haƙa kabarin da azumi a bakinsu. Suka ce mu bar akwatin, ƙasar wurin tana cin ƙusa, ba ta barin katako, don haka a tabarma aka naɗe ka. Ramin bai yi zurfi ba ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, ruwan gishiri, yana barin fari a gefen ramin. Aka yi ta shawarar inda za a fuskantar da kai, ba wanda ya san abin da ya dace, a ƙarshe aka kwantar da kai yadda tsofaffin wurin suka ce an kwantar da Tanko. Ba a kashe murhu ba, don aikin ba ya tsayawa, hayaƙin ya yi ta kwantowa a kanmu. Ƴan ikilisiya kaɗan ne suka zo. Pasto bai zo ba. Ni na karanta nassi, ni na yi addu'a, muryata ba ta kai bayan taron ba. Hajiya Kaltuma tana tsaye nesa da mata, leɓunanta suna motsi.

Baba Yunusa, ka tambaye ni, na ce ban sani ba. Na sake auna amsar tun daga ranar, ban sami abin da zan ƙara a kanta da gaskiya ba. Abin da na riƙe shi ne Mai shari'ar ba ya kuskure, ba a ɓoye masa kantun da aka ɗora a gwafa, ba a kuma ɓoye masa jinin da aka zuba a gindin tsamiya. Wani lokaci wannan yana kwantar mini da rai. Wani lokaci shi ne ke tayar da ni zaune. Yanzu in na shiga aji na ga yara sun cika benci, mafi yawansu ba na gidan bangaskiyarmu ba, sai in tarar ina kallonsu yadda kake kallon bayan mota. Ka bar mini wannan, ban kuwa ƙi karɓa ba.

Ubangiji Allah ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya sauke maka abin da ka ɗauka tun ƙuruciya, ya ba ka hutawar da ba ka samu a nan ba. Ya gafarta maka jinkirinka, ya lissafta maka kowane kwanon da ka miƙa. Tanko kuwa, ba a koya mana yi wa irinsa addu'a ba, ba zan kuma ƙirƙiro koyarwa ba. Ina dai ambaton sunansa a gaban wanda ya halicce shi, wanda ya san shi tun ba mu san shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Aisata da ƴaƴanta da jikoki, da Hajiya Kaltuma da gidanta, da mutanen tungar da suka haƙa kabarin wanda ba addininsu ɗaya ba, da direbobin da suka rasa inuwa, da ikilisiyarmu ta Gaya duka, waɗanda suka je da waɗanda lamirinsu ya hana su zuwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau.

Cha'ibu Yalwa, malamin tarihi, Gaya.

Gyara guda: na rubuta a sama cewa Pasto Alassan bai zo ba. Haka ne a ranar jana'iza. Amma da na karanta wa Hajiya Kaltuma wannan rubutu, ta ce ya je washegari shi kaɗai a kan moto, tana can ba ta dawo ba. Ya tsaya a kabarin Baba Yunusa ya yi addu'a da murya. Sannan ya tambaye ta wanne ne na tsoho, ta nuna masa. Ta ce ya cire hula, ya tsaya a kansa har inuwar tudun ta rufe shi. Na tambaye ta abin da ya faɗa. Ta ce bai buɗe baki ba.